Ramin da Aka Haƙa a Wurin Lamba Biyar

Ranar Alhamis da safe Wilmar, mai kula da filin ƙwallon unguwar Tasha a garin Melo, ya turo injin yankan ciyawa ya tarar an yi wa filin ɓarna. An yanke ciyawa faɗin ƙaramin tebur, an kwashe ta har da ƙasarta, an bar rami a bayan da'irar tsakiya, ta hannun hagu.

Sajan Yamila Techera aka turo daga ofishin 'yan sanda. Ta sami shugaban kulob, Don Aparicio, mutumin da ko gaisuwa sai ya mayar da ita jawabi, yana kumfar baki a bakin ramin. Lahadi za a buga wasan ƙarshe a kan wannan ciyawa, Litinin katafila ta kankare filin a shimfiɗa ta roba. Ya rantse duk wanda ya yi wannan, ko uwa ɗaya suka fito, ba zai sake taka ƙofar filin ba har ya mutu.

Yamila ta tsuguna. Ramin ya yi zurfin kamu guda, gefensa a karkace. Kusa da shi akwai ƙananan huji a jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda sandar dogarawa ke bari. Nan take ta tuna da sandar mahaifinta.

Mahaifinta Heber, wanda duk Melo ke kira Bahago, lamba biyar ya buga tun yana saurayi. Ya yi zamaninsa a babban birni Montevideo, ya leƙa Ecuador kaka guda, ya dawo gida ya riƙe tsakiyar wannan fili har ranar da gwiwarsa ta tashi aiki. Tun rasuwar mahaifiyarta Gladis, ba abin da ke fitar da shi daga gida sai kallon wasan Lahadi. In aka raba shi da wannan, ta san kujerar tsakar gida ce za ta cinye shi.

Don haka ta shiga neman wani mai laifin, da zuciya ɗaya kuwa.

Ta fara da Wilmar, tunda kowa ya san ciyawar roba ba ta buƙatar mai yanka.

"Haushin aikinka ne ya sa ka?"

"Ranki ya daɗe, dubi yankan nan. Ni zan yi wannan ƙazanta? Ni igiya nake ja kafin in yanka."

"Me ya sa aka haƙa da zurfi haka?"

"Mai son ciyawa yatsa uku ya ishe shi. Wannan ba ciyawa yake so ba, ƙasar yake so."

Ta je wurin Nilo, shugaban makaɗan kulob ɗin ƙetaren rafi, abokan gabarsu tun kakanni. Ya yi dariya har ya kusa zubar da ƙoƙon shayinsa na mate. Ya ce da yaransa ne, wurin bugun fanareti za su lalata, su bar fentin kulob ɗinsu a bango don a san sun zo. Wa zai ɓata ƙarfinsa a inda ba a cin ƙwallo? Ta koma ta zagaye katanga, ba inda aka haura, kwaɗon ƙofa kuma lafiyarsa ƙalau. Makulli uku ne a duniya: na Wilmar, na Don Aparicio, da wanda aka ba Bahago kyautar girmamawa ranar da ya ajiye takalmi. Har Don Aparicio ta gwada zargi, amma mutumin da ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa saboda tumbi ba zai riƙe shebur ba.

Da azahar ta tura ƙofar gidansu. Tsohon na tsakar gida, kusa da murhun gashin nama, yana yayyafa ruwa a bahon wanki. Ciyawar na ciki, gefenta har ya fara rawaya.

Ta zauna ta jera masa abin da ta gani kamar tana karanta wa baƙo: ƙofar da aka buɗe da makulli, sawun sanda, zurfin ramin, da wurin, daidai inda lamba biyar bahago ke tsayawa kafin a busa usur. Bai musa ko ɗaya ba.

"Abu ɗaya ne ban gane ba, Baba. Me za ka yi da ƙasa?"

Ya dubi bahon. Sannan ya ce Gladis ce ta roƙe shi a asibiti, in an ƙone gawarta ya zuba tokarta a wurin tsayuwarsa cikin filin, inda ta yi ƙuruciyarta tana kallonsa. Ya nemi izinin kulob aka hana, sai ya je shi kaɗai ya zuba. Da ya ji katafila za ta kwashe ƙasar a jibge bayan gari, ya kasa haƙura.

"To tulun tokar Mama da ke kan kabad fa? Wanda nake gaisarwa kullum?"

"Tokar murhun nan ce, 'yata. Na ga kina samun sauƙi da shi."

Ta so ta yi masa ihu. Baƙin ciki biyu suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara kuka a kai. Duk da haka maganar aikin da ya kawo ta ce ta fito daga bakinta. Ta ce za ta rubuta ba a gano kowa ba, ko da zai jawo mata tuhuma a ofis, shi dai ya sa rigarsa ranar Lahadi ya je ya zauna a wurinsa kamar kullum.

Ya dube ta da tausayi, kamar ita ce mai laifin.

"Rubuta sunana, kada a kori Wilmar a banza. Ni me zan je yi can kuma? Ba ƙwallo nake zuwa kallo ba, Yamila. Yanzu ga ta a gida."

Ya gwada jan bahon daga rana, gwiwar ta ƙi. Ta tashi da kakinta ta kama ɗaya hannun, suka ja shi tare zuwa inuwa.