Masu Jiran Kwalekwale

Gab da magariba Sha'aban ya koma gona ya rufe dammunan geronsa, don hadari ya haɗo daga gabas.

Gonar tana kan kufan Dungurawa, a gefen hanyar Katagum. Nan garin yake a da, kafin ambaliya ta cinye shi a zamanin kakanni, waɗanda suka tsira suka hau tudu suka sake gini. Ƙasar kufan ba ta ƙin iri, shi ya sa kowa ke nomanta. Amma ba mai bari rana ta faɗi yana wurin, kuma dattawa ba sa son a tambayi dalili.

Yana jan tamfol sai iska ta tsaya cak.

Warin danyen taɓo ya bugi hancinsa, alhali ƙasa a bushe take. Can ya ji daka. Tabarya ɗaya, sannan da yawa, kamar daga ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ɗan nan."

Ya waiwaya. Wata mace ce tsaye a tsakiyar kara, zanenta yana ɗigar ruwa. Ba ta ƙifta ido.

"Kwalekwalen ya dawo?" ta ce a hankali.

Ya ja da baya, ta matso.

"Sun ce mu jira. Yara kawai aka ɗauka. Ina Suwaibata?"

Sunan kakarsa ke nan.

Sanyi ya kama idon sawunsa. Ya duba. Ruwa ne, baƙi, yana hawa. A bayanta wasu suna miƙewa daga cikin kara, jiƙe sharkaf, suna kallonsa.

Ruwa ya kai gwiwa.

Ta miƙo hannu.

Da ƙyar ya fizgo Ayatul Kursiyyu, ya fincike ƙafa ya bar takalmi a taɓo. Bai tsaya ba sai zauren gida.

Liman ya ce aljanu ne, sukan ari kamar mutane. Hajiya Suwaiba ba ta yi musu ba. Ta dai shafa taɓon da ke wandon jikanta, ta shinshina.

"Tana da wushirya?"

"Tana da ita, Hajiya."

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Ita ta miƙa ni cikin kwalekwalen. Matuƙin bai koma ba, ruwa ya fi ƙarfinsa."

Ranar Juma'a garin duka ya sauka kufai aka yi musu addu'a, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ƙi a riƙe ta. Da ƙafarta ta je, ta tsaya a tsakiyar kara, ta ce, "Inna, ga ni. Na girma."