Ƙishirwar Kanta ta Uku

Da almuru Zdravka ta ɗauki bokitin hatsi ta nufi rumfar bayan gida, inda take kiwon ɓerayen da masu macizai ke zuwa saye daga birni. Maƙwabta na gasa tattasai, ƙanshi ya cika unguwa, amma ita ko yunwa ba ta ji. A falo akwatin surukinta Radoje yana ɗaure. Gobe da safe mijinta zai kai tsohon gidan kula da tsofaffi.

Kanta ta uku a rumfar, inda akwatunan ɓeraye ke jere, ita ce sanadi. Sati biyu da suka wuce, ana tsakiyar zafi, aka rufe famfon da ke kai wa kantar ruwa, gidan duka suka tafi biki na kwana uku. Uwayen ɓeraye arba'in da jariransu suka mutu a bakin bututun shan ruwa. Da mijin ya tambayi wanda ya taɓa famfon, tsohon, wanda mantuwa ta fara kamawa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Wataƙila ni ne." Zdravka ce ta rufe shi ranar wanke akwatunan ɓeraye, kuma ta sani sarai. Ta ja bakinta ta tsuke. Tun ranar kunya ke cin ta, ba ta iya haɗa ido da shi.

Ta kunna fitila. Warin dusar katako da fitsari ya tare ta kamar kullum. Sai dai ɓerayen ba su taso wa abinci ba, duk sun maƙale a lungu.

Sai ta ji. Ƙit. Ƙit. Ƙit.

Ta san ƙarar. Haka bakin bututu ke yi idan ɓera ya sa harshe yana neman ruwa. Daga kanta ta uku take fitowa, wadda ta wanke da hannunta ta bar ta wayam.

Bututu ɗaya. Sai goma. Sai duka arba'in.

Ta jawo akwati guda. Ba komai a ciki, amma ƙarfen bakin bututun yana motsi.

Ƙofa ta rufe a bayanta.

Miyau ya ƙafe a bakinta, harshenta ya zama kamar busasshiyar fata. Wasu ƙananan ƙafafu masu sanyi suka hau ƙafarta, suka bi ta cikin riga har wuya. Wani abu mai kaushi ya fara lasar gefen idonta, inda hawaye ya taru.



"Ni ce," ta ce cikin raɗa. "Ni na rufe."

Ƙofar ta buɗe. Radoje ne, riƙe da kwanon ruwa.

"Matsa, 'yata," ya ce a hankali. "Yau na makara, haɗa kaya ya ɗauke min hankali."

Ya ajiye kwanon ƙarƙashin kantar. Ƙarar ta tsaya cak. A gaban idonta ruwan ya soma raguwa.

"Baba, tun yaushe kake wannan?"

"Kullum da yamma. Ai wanda ya hana su, shi zai ba su."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ce na rufe, na bari aka ɗora maka."



"To," ya ce. "Dama ina ta tunanin wa zai riƙa ba su in na tafi."

Kafin a zuba abinci ta faɗa wa mijinta komai. Aka kwance akwatin tsohon, bai je ko'ina ba. Yanzu ita ke kai kwanon kowace yamma, kuma da safe a bushe take samunsa.

Sai dai mantuwar Radoje ta ci gaba. Maganar da suka yi a rumfa ta ɓace masa, laifin ne kawai ya zauna. Duk sanda ya gan ta da kwanon, sai ya riƙe mata hannu ya ce, "Ki yafe min ɓerayenki, 'yata."

Sai ta zauna kusa da shi, ta sake faɗa masa tun daga farko.