Ba Wayar Ba Ce

Ranar da ta fara shigowa ofishinsu da jakar kayan gyara a kafaɗa, sai da ya manta abin da yake rubutawa. Shi ke karɓar odar asibitoci a wani kamfanin rarraba magunguna, ita kuma injiniya ce daga kamfanin da ya sa musu wayoyin ofis masu aiki da intanet.

"Kai ne mai ƙorafin?" ta tambaya tana murmushi.

"Ni ne. Saƙon murya ne ba ya fita sosai. In na kunna, sai in ji kamar mutum na magana a cikin bargo. Jiya wata oda ta wuce ni, manaja ya ce kar a kuma."

Ta duba igiyar intanet, ta kashe wayar ta kunna, ta ƙara sauti. Ta bar saƙon gwaji ta saurara, ta ji shi tar. Ta miƙa masa, ya kara a kunnen hagu, ya girgiza kai.

Washegari ta kawo sabuwar waya, ba ta sauya zani ba. Abokan aikinsa suka fara tsokana, wai da gangan Mai Ƙorafi yake ɓata waya don Injiniya ta dawo. Shi dai bai musa ba.

A zuwanta na gaba ta lura duk sanda ta yi magana ta hagunsa, sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya. Ta bari mutane suka fita cin abinci.

"Don Allah mayar da wayar kunnen dama."

Ya mayar. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ajiye kan wayar a hankali.

"Ashe ba wayar ba ce."

"Ba ita ba ce," ta ce da tattausar murya. "Ba wanda zai ji a bakina. Amma ka je likita ya duba ka."

Kafin ta tafi ta saita masa saƙonnin su riƙa shiga imel ɗinsa, ya saurara yadda ya so. Ta bar masa lambarta.

Hira ta yi daɗi, soyayya ta ƙullu. Amma da likita ya ce jin kunnen ya ragu sosai, sai da na'urar taimakon ji, sai ya ɗauke mata ƙafa. Ita kuwa ta zargi wata sakatariyar ofishinsu mai yawan yi masa fari, ta tura masa saƙo.

"Mai Ƙorafina, shiru haka? Ko sakatariya ta yi min ƙwace?"

Amsa ta zo nan take.

"Injiniyata, ba kowa a raina sai ke. Nauyinki nake ji. Me za ki yi da mai rabin ji?"

"Rabin ya ishe ni. Ka zo gida ka gaida su Baba."

Umma ce ta ƙi. "Yau kunne ɗaya, gobe fa? Duk masu zuwa wajenki, sai wannan?" Yarinya ta daina walwala, abinci ma sai an matsa mata.

Ranar da ya zo, bai ɓoye na'urar ba. Baba mai magana ƙasa-ƙasa ne, ya yi tambaya, saurayin ya matso.

"Baba, ku gafarce ni, ban ji ba. Ku maimaita."

Ya kwashe duk abin da likita ya faɗa ya gaya musu, har da wanda ba a tambaye shi ba. Umma tana bakin ƙofa tana ji. Bayan tafiyarsa ta ce, "Yaron nan ba ya munafurci."

Ranar da aka ɗaura aure, suka durƙusa gabanta. Umma ta ɗaga murya har ta cika falon.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya! Allah Ya albarkaci aurenku!"

Ango ya yi dariya. "Umma, ai ina ji."

"Na sani, ɗana," ta ce tana share ƙwalla. "So nake kowa ma ya ji."