Tocilar Korau a Ramin Beguwa

Tun kafin ladan ya yi kiran farko Korau ya fito daga gida, gajeren mashi a kafaɗa, igiyar rama a naɗe a hannu, tocila a soke a ƙugu. Kawunsa Anaruwa na jiransa a gindin tsamiyar bayan gari. Beguwa ce ta hana Korau sakat. Sati biyu tana tone masa rogo, jiya kuwa ya bi sawunta har ya ga ta nufi duwatsun Kwarin Maje, tafiyar kamar awa uku cikin daji.

Ita tocilar nan sai an faɗi halinta. Ta ƙarfe ce, mai cin batir uku, tsawonta ya ɗara taƙi ɗaya. Shekara shida tana hannun Korau, kuma babu wulaƙancin da ba ta gani ba. Da ita yake fasa goruba, da ita yake kafa turken akuya, ya taɓa jifan kare da ita. Duk jikinta ya lotse, a tsakiya ma akwai wani lotsi mai zurfi da yatsa zai kwanta a ciki. Ko a wannan asubar, da ya ji kan mashin na rawa a jikin ƙota, sai ya zaro ta ya shiga ƙwala wa ƙusar, ƙwas, ƙwas.

"Kai dai ba ka da tausayi," in ji Anaruwa. "Abin da za ka shiga rami da shi kake yi wa wannan duka?"

"Ta saba, Kawu."

Suka sallaci asuba a bakin rafi, suka miƙa. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, sawu ya fito raɗau: tafin ƙafa mai faɗi, da zanen ƙaya inda take jan jela. Hantsi ya dubi ludayi suna gindin dutsen. Ga ramin nan a ƙarƙashin wani falale, bakinsa ya sha shige da fice har ya yi santsi, ga ƙayoyi biyu masu ratsin fari da baƙi a yashe.

Anaruwa ya danna ƙasar bakin ramin da babban yatsa, yatsan ya nutse. Bai so laushin ƙasar ba, ya kuma faɗa wa Korau. Amma Korau ya riga ya tuɓe riga. Farautar beguwa mutum biyu ke yin ta: ɗaya ya shiga da jan ciki, ɗaya ya tsaya a waje riƙe da igiyar da aka ɗaura wa mai shiga a idon sawu. In aka fizga sau ɗaya, a tsaya. In aka fizga sau biyu, a ja.

Korau ya yi bisimilla ya kutsa kai. Warin jemage da danshi suka cika masa hanci. Bayan kamar gaba uku ramin ya tsuke, wani shimfiɗaɗɗen dutse ya rufo daga sama, sai da ya kwantar da kumatu a ƙasa kafin ya wuce. Can ciki ya ji ta, kacau-kacau, tana kaɗa ƙayoyinta. Ya haska. Ta juyo masa baya, ta kumbura ta cika ramin, ta fara takowa da baya-baya. Ya tokare gwiwar hannu ya soka mata mashin a ƙarƙashin haƙarƙari, ya danne har ta daina shure-shure.

Murna ta kama shi. Ya kamo ƙafarta, ya fizga igiya sau biyu, Anaruwa ya fara ja. Ƙafafunsa suka wuce matsatsin, ƙugunsa ya wuce. Sai ya ji ƙasa mai sanyi tana zubo masa a wuya. Kafin ya gane me ke faruwa, dutsen ya sauko a hankali ya zauna masa a tsakanin kafaɗu.

Numfashinsa ya tsaya. Igiya kuwa na ta jan ƙafarsa, kowane ja sai dutsen ya ƙara motsi. Ya buɗe baki ya kira kawunsa, muryar ba ta fita ba. Da ƙyar ya tattara ƙarfi ya fizga ƙafa sau ɗaya. Jan ya tsaya.

Tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa ji ba. Dutsen bai faɗo duka ba, gefe ɗaya na maƙale a bango, amma ƙasar da ke riƙe da shi tana ta zuba. Mashi na can jikin beguwa, kuma ya yi tsawo a wurin. Ya lalubi ƙasa ko zai sami ɗan dutse, babu sai laka. Tocilar nan ce kawai ta rage masa.

Ya saki ƙafar beguwar. Ya kafa gwiwoyin hannu, ya cije, ya ɗaga dutsen da bayansa har idanunsa suka yi kamar za su fito. Ya tsayar da tocilar a tsaye kusa da bangon hagu, gindinta a kan falalen da ke ƙarƙashin lakar, fuskarta a sama. Sannan ya sassauta a hankali. Gilashin ya fashe, tas. Ramin ya yi duhu, sai wani siririn haske da ke tsiyayowa ta gefen bakinta. Nauyin ya bar bayansa.

A ɗan hasken nan idonsa ya sauka a kan lotsin tsakiya. Shi ya yi shi da hannunsa, ranar da ya kafa turke a ƙasa mai tsauri. In za ta lanƙwashe, a nan za ta lanƙwashe. Ya ji haushin kansa har ƙwalla ta zo masa. Ƙarfen ya fara wani ɗan kuka, ƙiii.

Ya fizga ƙafa sau biyu, ya saki jiki ya lafe da ƙasa. Igiya ta ja. Kafaɗunsa suka goge dutsen suka wuce. Kansa ya zo daidai tocilar, ya karkatar da fuska, yana jin sanyin ƙarfen kusa da kunnensa. In ya taɓa ta, shi ke nan. Saura hannuwa. Ya haɗe su wuri ɗaya ya matsa dama, yana kallon lotsin yana ƙara buɗewa, yana kiran sunan Allah a zuci. Yatsunsa na wucewa Anaruwa ya yi wani irin ja, Korau ya fito waje kamar an zaro rogo. A bayansa suka ji dim, ƙura ta biyo shi.

Anaruwa ya zube a ƙasa, tafin hannunsa duk jini inda igiya ta yanke shi. Ya shafa kan Korau, ya shafa bayansa da ya saɓule, yana ta salati. Korau ya daɗe a kwance yana kallon sama.

Da ƙura ta lafa, tsohon ya durƙusa ya leƙa ramin. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Korau, zo ka gani."

Ya rarrafo ya leƙa. Dutsen ya toshe hanyar gaba ɗaya, ya kwantar da tocilar ya murƙushe ta a tsakiya. Amma fuskarta ta juyo wajen bakin ramin, ba gilashi, kuma tana ci.

"Tashi mu tafi," in ji Anaruwa, "rana na yi."

"Bari ta mutu tukuna, Kawu. Ba zan iya barinta a kunne ba."

Suka zauna. Azahar ta wuce, inuwar dutsen ta juya, la'asar ta kawo jiki. Sau huɗu Korau yana leƙawa. Da Anaruwa ya kama hannunsa ya miƙar da shi don dole, ya waiwaya ya leƙa na biyar, har lokacin tana ci.