Gaɓar da Aka Yanke a Faifan Kanari

Da hantsi aka kira Sufeto shagon Mai Faifai. Gawar tsohon tana kwance tsakanin kantoci biyu, an buge shi a ƙeya da sakatar ƙofa.

Ba a taɓa jin kan mutumin nan da kowa ba. Rayuwarsa kaf ta tafi wajen tara tsofaffin faifan zare na Kanari, mawaƙiyar da take yi wa sojoji waƙa a rediyo lokacin yaƙi. Duk wanda ya samo sai ya tara tsofaffi a shagon su saurara, masu kuka su yi.

Sufeto ya tsani ɗakin kisa mai tsabta, wannan kuwa tsaf yake. Ba a ɗauki komai ba, har da wani faifai a kan injin kunnawa.

Matar mamacin tana zaune a bakin ƙofa, idonta ya bushe.

"Mama, ki yi haƙuri. Me ya dame shi kwanan nan?"

"Wancan faifan na kan inji. Tun da ya saurare shi bakinsa ya mutu. Ya ce ba waƙar ba ce, sanarwar da aka yi a tsakiyarta ce. Yau ya yi niyyar kunna wa jama'a."

"Wa ya san da shi?"

"Mai gyaran waya na kusa da mu, sai amininsa, Tsohon Masinja."

Sufeto ya kunna injin. Muryar Kanari ta cika shagon, siririya. Tana tsakiyar baiti sai waƙar ta yi tsalle zuwa wani. Babu sanarwa. Ya tsayar, ya duba zaren. An yanke shi a karkace da reza, an haɗa da sabon salatif, haɗin da ko ɗan yatsa ba ya jin tudunsa.

Wani ya kashe mutum, sannan ya zauna kusa da gawa ya yi aikin nan a natse.

Mai gyaran waya yana ta goge zufa tun kafin a tambaye shi.

"Ka kwafi faifan nan?"

"Ranka ya daɗe, ko taɓa shi ban yi ba."

"Ba kai ne kake zuba masa waƙoƙin a memori ba?"

"Ni ne, amma ban da wannan."

Ƙarya yake yi, Sufeto ya gani. Amma ya dubi teburinsa, komai a watse, wayoyi an ɗaure su da kyauro. Mai wannan hannun ba zai yi wancan haɗin ba.

Tsohon Masinja yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki mai duhu, da ƙaramin inji lulluɓe da zane. Muryarsa a dushe take.

"Baba, ka yi aiki a gidan rediyo?"

"Masinja ne ni, ɗana. Kai takarda, kawo takarda. Wannan injin ma kyauta aka ba ni."

Sufeto ya fito da wani faifan Kanari da ya ɗauko daga shagon, wai zai kunna su ji. Ya riƙa kici-kici da zaren kamar baƙauye, ya fizga da gangan. Zaren ya tsinke.

"Ba komai, bari in ƙulla shi."

"Kada ka ƙulla!"

Tsohon ya karɓe. Ya jawo reza daga aljihu, ya yanke bakin zaren a karkace, ya manna salatif, ya shafa da babban yatsa. Sai da ya gama ya ɗago, ya ga yadda Sufeto yake kallon hannunsa.



"Me aka faɗa a sanarwar, Baba?"

"Sunayen samarin da suka gudu daga fagen daga, da gidajen da suka ɓuya. Ni na karanta. Kanari tana tsaye kusa da ni tana roƙona in bari. Washegari aka bi su gida-gida, ba wanda ya dawo. A cikinsu akwai ƙanin Mai Faifai. Shekara da shekaru muna zama benci ɗaya da 'yan'uwansu."

"Mai Faifai ya gane muryarka?"

"Ya gane. Na durƙusa masa, ya ce sai kowa ya ji."

"Me ya hana ka ƙone faifan gaba ɗaya?"

"In ƙone muryarta? Tawa kaɗai na cire."

Sufeto ya miƙe. Ya sa masa ankwa, ya fito da shi.

A bakin titi mutane sun yi cirko-cirko gaban shagon tela, sun zagaye waya ɗaya. Ashe mai gyaran waya ya kwafa a ɓoye tun shekaranjiya, da labarin kisan ya bazu kuma ya tura wa kowa. Waƙar ta tsaya. Muryar wani saurayi, garau, ta fara jero sunaye.

Wata tsohuwa ta ji sunan yayanta. Ta juyo a hankali ta dubi tsohon da ke cikin ankwa, sauran ma suka juyo.

"Ɗana," in ji tsohon, "yi sauri ka sa ni a mota."