Gaurakan da Ba Ya Sauya Ƙafa

Da safiyar Talata Manajan gandun tsuntsaye ya kai wa 'yan sanda rahoto cewa an sace gauraka. Shi kaɗai ya rage a dausayin, kuma albarkacinsa hukuma ta hana a cike wurin da ƙasa a yi gidaje.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?" Sufeto ya tambaya.

"Jiya, yallaɓai. A kan idona ya tashi sama."

Sufeto ya dubi takalmin Manaja. Ko ɗigon taɓo babu, sai ƙyalli.

A rumfar kallo ya tarar da wata mai ɗaukar hoto, shekara uku tana zuwa. Ta nuna masa hotunanta tana yabo.

"Tsuntsu mai natsuwa! Bai taɓa ɓata mini hoto ba."

Sufeto ya jera su. Rani da damina, gaurakan yana can nesa cikin ciyawa, a kan ƙafar hagu, yana kallon gabas.

"Malama, ba ya gajiya ne?"

Ya naɗe wando ya shiga ruwan. A gurbin tsuntsun ya samu ƙarfe a kafe, da jiƙaƙƙiyar auduga.

Mai gadin gandun, wani tsoho, yana ɗakinsa. Ya rantse bai ga komai ba, alhali ga allura da zare a cinyarsa.

"Baba, ɗinkin me ake yi?"

"Riga, ɗana."

"Riga mai baki?"

Sufeto ya ɗaga tabarma. Ga gauraka kwance, kai daban, jiki daban.

Tsohon ya ajiye allurar.

"Shekara uku ke nan da mutuwarsa. Na feɗe shi, na cusa auduga, na kafa shi inda ba mai zuwa. Ruwan jiya ne ya karya wuyan. Kwana ɗaya kawai nake nema in ɗinke, sai Manaja ya tashi nuna ƙwazo."

"Ka san yaudara ce?"

"Na sani. Amma agwagwa da balbela da ke ƙyanƙyasa a nan na gaske ne. Su dai ba wanda ya rubuta sunansu a takarda. Mayar da shi, ɗana. Wa zai sani?"

Sufeto ya waiwaya. Manaja yana bakin ƙofa, ya riga ya buga wa hukuma waya.

Aka sa gaurakan a leda aka rubuta masa lamba. Aka sa tsohon a mota.

A bakin gandu suka kauce wa wata tifa maƙare da ƙasa. Direban ya leƙo yana tambayar ta ina ake shiga.