Garin da Mota Ba Ta Kaiwa

Ku matso kusa, jikokina. A shekarun da aka hana hawa babur a Maiduguri, Keke Napep ta cika gari, an yi wata yarinya a unguwar Lamisula. Ita da kakarta, Ya Falmata, gudun hijira ne ya kawo su daga wani ƙauye can bayan Khaddamari. A ranar gudun, kawunta Ajimi ya ɓace musu. Kullum Kaka sai ta ambace shi a addu'a.

Ran nan a makaranta, Malama Salomi ta nuna wa 'yan ajin su yarinyar hoton wani ƙauye a Indiya.

Wani yaro ya ce, "Malama, Indiya ma akwai ƙauye? Na ɗauka rawa kawai suke yi cikin furanni!"

Aji ya kwashe da dariya.

Malama ta ce, "Akwai mana. Wannan mutanensa ba su fi 'yan makarantar nan yawa ba. Bas ɗaya ke zuwa musu a yini, tashar jirgin ƙasa kuwa tana da nisa. To, yanzu kowa ya faɗa min nasa garin. Mutum nawa ne? Yaya ake zuwa?"

Yarinyar ta shiga tunani. Garinsu murhu ashirin ne ko ƙasa da haka. Mota ma ba ta kaiwa. A gindin wata tsamiya take sauke mutane, sai a ƙarasa da jaki. In ta faɗa, ai tsokana ta samu.

Da aka zo kanta ta ce, "Ni 'yar Lamisula ce. Kwalta har ƙofar gidanmu."

Malama ta dube ta, ta ce, "To."

Ƙarya dai fure take yi, ba ta 'ya'ya. Bayan kwana biyu Malama ta shigo aji ranta ba daɗi.

Ta ce, "Mai Keken da ke kawo ni ya daɗe yana neman mahaifiyarsa da 'yar yayarsa. Ya roƙe ni in saurari yara, ko akwai ɗan garin da mota ke tsayawa a gindin tsamiya. Na ce masa babu. Yau zai mayar wa ubangidansa da Keken, ya tafi Kano."

Yarinyar ta miƙe. "Malama, yaya sunansa?"

"Ajimi."

Sai kuka. "Kawuna ne! Garinmu ne! Kunya ce ta sa na ɓoye."

Malama ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira shi a waya, ba ta shiga. Ta kama hannun yarinyar, suka biya suka ɗauki Kaka, sai tasha.

A hanya Kaka ta ce, "Ke! Garin da aka binne cibiyarki kike jin kunya? Jakin da kika raina, shi ya fito da ke daga wuta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Sun iske motar Kano ta kusa cika. Kaka ta ɗaga murya: "Ajimi! Ɗan gindin tsamiya!"

Wani ramammen mutum ya leƙo ta taga. Ko jakarsa bai ɗauka ba, ya duro ya durƙusa gaban uwarsa. "Wushe", wato sannu da Barbarci, kawai ya iya cewa, hawaye ya ci sauran.

Washegari yarinyar ta tsaya gaban aji ta ce, "Garinmu ƙarami ne. Mota ba ta kaiwa, sai jaki."

Wani ya fara dariya. Ta ce, "Kai ka taɓa hawan jaki? To, ni na iya."

Kun ji, jikokina. Kada ku ji kunyar garinku, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya ɓoye asalinsa, danginsa ya ɓoye wa hanya.